Wa Ya Haɗa Mu da Tasara, Ya Raba Mu da Kalmalo?

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da 'yan aji shida a wata makarantar ƙauye cikin ƙaramar hukumar Azarori, na yi wa yara gwaji a darasin sanin ƙasa. Tambaya ta uku ita ce: a wace jiha garinmu yake? Wata yarinya, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta rubuta "Adar". Na ja mata jan biro, na rubuta "Tawa" a gefe, na hana ta maki biyu. Bayan kwana biyu sai ga kakanta a bakin aji, ya dogara sandarsa, ya jira har aka fita shan iska.

Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, an ce ka ce jikata ta yi kure."

Na ce, "Baba, littafi ne ya ce a jihar Tawa muke."

Ya ce, "Tawa ai gari ne, na san shi, na taɓa sayar da jaki a kasuwarsa. Yaushe gari ya zama ƙasa? Wa ya rubuta littafin naku, kuma a wace shekara?"

Na yi ta kame-kame. Na san sunayen jihohi takwas na Nijar kamar yadda na san sunayen ƙannena, amma ban san ranar da aka yanka su ba, ban kuma san wanda ya riƙe wuƙar ba. Tun daga ranar nake bin diddigin wannan tambaya, kuma abin da na tsinta shi nake son in shimfiɗa wa malamai 'yan'uwana da iyayen yara.

Tsohon yana da hujja. Sunan Adar ya girmi sunan jihar Tawa da ɗaruruwan shekaru. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Daga baya Buzayen Kel Gress suka gangaro daga Abzin suka zauna a kudancin ƙasar, wajejen Galma da Azarori, suna kiwon raƙuma, suna fataucin gishiri, suna cuɗanya da manoman Hausawa har harsuna da aure suka sarƙe. Madawa kuwa ana lissafa ta a Gobir Tudu. Mai son cikakken bayani ya nemi littafin da Farfesa Djibo Hamani ya fitar a 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani ba a auna ƙasa da layi. Ana auna ta da mutane: wa kake bi, wa kake kai wa gaisuwa bayan kaka, a rijiyar wa kake shayar da dabbobinka. Gari guda yana iya bin sarki biyu, ɗaya don noma, ɗaya don tsaron hanya.

Layi ya zo da Turawa, kuma yadda ya zo ɗin abin dariya ne in ba don abin da ya haifar ba. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yuni 1898, an kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne, na waje na Faransa. Madawa da Ƙonni ba su kai mil 100 daga Sakkwato ba. Wato a takarda, na 'yan shekaru, kakanninmu talakawan Ingila ne ba tare da sun sani ba. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta bi ta ƙasar da babu rijiyoyi, ayarinsu na shan ƙishirwa. Suka koma teburin ciniki, a 1904 da 1906 aka tura iyakar kudu, daga nan aka bi ƙasa ana kafa alamomi har 1908. Da ayarin Faransa ya sami ruwan sha a hanyar arewa, da watakila yau Turancin Ingilishi nake koyarwa, ina karɓar albashi da naira.

Da aka gama yanka ƙasa sai aka shiga ƙirga mutanen cikinta, kuma ƙidayar farko da kakanninmu suka sani ta haraji ce. Kumandan ko wakilinsa ya sauka a gari, a tara magidanta a gindin itace, kowa ya faɗi yawan mutanen gidansa da dabbobinsa. A kan wannan lissafi ake yanka lanho da jangali, a kansa ake ɗibar samari aikin tilas da soja, a kansa ake ɗaukar yaran da za a kai lakwal, wanda a lokacin iyaye ke gani kamar an ƙwace musu ɗa ne. Kakata ta sha ba mu labarin yadda aka cusa ƙanenta cikin rumbu aka rufe da zana ranar da masu rubutu suka zo, ya wuni a ciki yana shaƙar ƙaiƙayi. Wasu gidajen in haraji ya yi tsanani sai su kwashe komatsai da dare su tsallaka ƙasar Ingilishi. An soke aikin tilas a 1946, harajin kai ma an soke shi a zamanin Seyni Kountché da kuɗin uraniyom suka shigo, amma tsoron mai littafi da biro bai bar zukata ba. Har gobe akwai dattijon da in ka tambaye shi 'ya'yansa nawa zai ce maka "Alhamdu lillahi", ya yi shiru. Wani ɓangare kunya ce da gudun baki, wani ɓangare kuwa gadon lanho ne.

Akwatunan da muke haddacewa a aji ƙanana ne ƙwarai a shekaru. Gyaran mulki na 1964 shi ya raba Nijar gida bakwai, kowane gida aka sa masa sunan babban garinsa, shi ya sa gari ya zama ƙasa kamar yadda tsohon ya yi mamaki. Madawa, Buza da Keita suka zama rassan Tawa. A 2002 aka ɗaga darajar manyan gidajen suka zama jihohi, rassan suka zama gundumomi, aka ƙirƙiro ƙananan hukumomi, Azarori na cikinsu tare da Galma, Bangi, Urno, Sabon Gida da Madawa kanta. Zaɓen kansiloli na farko a 2004 aka yi shi. A 2011 gundumomi suka tashi daga 36 zuwa 63, a nan ne Malbaza, Bagaruwa, Tasara da Tiliya suka sami nasu. Ke nan taswirar da na hana yarinya maki a kanta ta girme ta da kaɗan ne kawai.

Ƙidaya ta zamani kuwa, wadda ake bi gida-gida ba don haraji ba, sau huɗu aka kammala ta: 1977, 1988, 2001 da 2012. Mutanen Nijar sun tashi daga miliyan 5 da 'yan kai zuwa miliyan 7 da 'yan kai, zuwa miliyan 11, zuwa 17,138,707 a Disambar 2012. Jihar Tawa ta fito da 3,328,365, tana bin bayan Damagaram da Maraɗi. To ga abin da ba a cika faɗa wa yara ba. In ka haɗa gundumomin Madawa, Buza da Keita kaɗai, za ka sami mutum wajen miliyan 1 da dubu 300. Sun fi mutanen birnin Yamai yawa a wannan ƙidayar. Sun fi jihar Agadas da jihar Diffa in an gama su wuri guda. Amma ba za ka taɓa ganin wannan jimla a tebur ba, domin babu akwati mai wannan suna. An zuba mu cikin jihar da ta miƙe tun daga Ƙonni a bakin iyakar Najeriya har Tasara da Tiliya a cikin Azawak, inda mutum zai yi tafiyar wuni bai ga gari ba. In aka raba mutanen jihar da faɗinta sai a ce kusan mutum 30 ne a kowace murabba'in kilomita. A ƙasar Madawa sun haura 100. Wannan 30 ɗin ba ta bayyana Tasara ba, ba ta bayyana Azarori ba, lamba ce da ba ta zaune a ko'ina.

Na daɗe ina ɗauka wannan matsalar ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka ce, sai da na karanta yadda hukumar ƙidayar Amurka ke tsara nata jihohin. Su tun 1790 suke ƙirga kansu duk shekara goma. Saboda jihohi 50 sun yi yawa a tebur guda, sai aka tattara su a manyan yankuna 4 da rukunoni 9, kuma tsarin rukunonin tara tun ƙidayar 1910 yake. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda suke kira Gabashin Arewa ta Tsakiya, mai jihohi biyar: Ohayo, Indiyana, Ilinoi, Mishigan da Wiskonsin. Dukkansu suna taɓa Manyan Tafkuna, waɗanda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron duniya. A nan masana'antun Amurka suka yi ƙarfi. A 1906 aka kafa garin Gary a bakin tafkin Mishigan musamman don narka ƙarfe. A 1913 kamfanin Ford ya fara haɗa mota a kan layi mai tafiya a gefen Detroit. Shikago ta zama mahaɗar jiragen ƙasa da kasuwar hatsi da nama. Duk wanda ya kalli tebur zai ce lalle masu ƙidaya sun duba tafki da hayaƙin masana'anta ne suka zana wannan rukuni.

Amma in ka matsa kusa sai ka ga ɗinkin. Taman ƙarfen da ake narkawa a Gary yawancinsa daga jihar Minesota ake haƙo shi, a loda a jiragen ruwa a Duluth, kuma Minesota tana wani rukunin dabam, tare da jihohin noma na yamma. Pittsburgh, wadda ta fi kowane gari suna a ƙarfe, da Buffalo da ke zaune a bakin tafkin Erie, an saka su a rukunin gabar tekun Atilantika. Garin Windsor yana tsallaken kogi da Detroit, ana hango juna, shi ma motoci yake ƙerawa, amma na Kanada ne, ƙidayar Amurka ba ta san da shi ba. Jihohin nan biyar abin da ya fara haɗa su tsohuwar doka ce ta 1787, wadda ta ware ƙasar da ke arewa maso yammacin kogin Ohayo ta kuma hana bauta a cikinta, tun babu masana'anta ko ɗaya. Daga cikin wannan ƙasa aka yanka su ɗaya bayan ɗaya, Ohayo a 1803 har zuwa Wiskonsin a 1848. Masu ƙidaya sun gaji layin siyasa ne, suka ɗora lissafin tattalin arziki a kai. Ko sunan babban yankin ma sai a 1984 suka canja shi daga Arewa ta Tsakiya zuwa Tsakiyar Yamma, don ya dace da abin da mutane ke faɗa a baki.

Akwatin ya tsaya, abin da ke ciki ya sauya. Detroit tana da mutum sama da miliyan 1 da dubu 800 a 1950, a ƙidayar 2020 ba ta kai dubu 640 ba. Ohayo da ta taɓa riƙe kujeru 24 a majalisar wakilai yanzu 15 gare ta, domin da ƙidaya ake raba kujerun. Amfanin barin rukunin yadda yake fiye da shekara ɗari shi ne ana iya auna wannan faɗuwar daki-daki. Mu kuwa duk bayan 'yan shekaru sai an sake yanka, har mai son kwatanta Ƙonni ta 2001 da Ƙonni ta 2012 sai ya tuna cewa an cire mata Malbaza a tsakani, in ba haka ba ya ce mutane sun ƙaura.

Akwai wani bambancin. Rukunin Amurka ba shi da gwamna, ba shi da baitulmali, layi ne a tebur kawai. Kusan haka shiyyoyi shida na Najeriya suke, waɗanda Alex Ekwueme ya kawo shawararsu a taron tsarin mulki na zamanin Abacha: ba su cikin kundin 1999, amma da su ake rabon muƙamai, kuma da su ake fitar da alƙaluman lafiya da ilimi, har Kano mai masana'antun Bompai da Sharaɗa ta zama lamba guda da ƙauyukan Zamfara da Kebbi. Namu jihohin a Nijar suna da gwamna da ma'aikatu, saboda haka akwatin lissafi shi ne kuma akwatin rabo.

To in da ruwa da sana'a za a bi, kamar yadda ake zaton an bi a Amurka, yaya yankinmu zai kasance? Amsar tana nan, kuma masana aikin gona sun daɗe da ba ta suna: Adar-Dutsi-Majiya. Ƙasa ce ta tudun dutse da kwaruruka, inda ruwan sama ke zubowa daga fako da gudu ya yaga gonaki, sannan ya kwanta a fadama. Matsalar manomin Keita ita ce ta manomin Buza, ita ce tamu. Shi ya sa a 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya cikin ƙasar Buza don tare iska. Shi ya sa a 1984, shekarar yunwar da muke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata ne suka fi yawa a wannan aiki, su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu, aka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyan su da abinci, a lokacin da mazan suka tafi ci-rani. Tafkin Keita da madatsun ruwan Majiya da rijiyoyin kwarin Tarka su ne manyan tafkunanmu, daidai ƙarfinmu. Masana'antarmu kuwa albasa ce, wadda ake lodawa a Galmi da Madawa ta sauka Abidjan da Accra, sai kamfanin siminti na Malbaza da ke aiki tun shekarun 1960, wanda matan ƙauyukan Adar suka daɗe suna tsinto masa farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira jips.

Wannan yanki bai tsaya inda taswirar aji ta tsaya ba. Galmi da Malbaza suna wata gunduma. Ruwan Majiya in ya wuce Ƙonni tsallaka iyaka yake yi ya zube a tafkin Kalmalo, kusa da Illelar jihar Sakkwato. Wanda ya datse ruwa a sama ya taɓa tuwon mai lambu a Kalmalo, amma mutanen can suna littafin ƙidayar Abuja, mu muna na Yamai, kuma babu teburin da ya taɓa jera mu a shafi guda. Kalmalo ita ce Windsor ɗinmu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina kiran a yanka sabuwar jiha ba ne, na ga yadda irin wannan kira ke ƙarewa a rigimar inda za a ajiye hedikwata da wanda zai zama gwamna. Ƙasa ba ta mulkuwa sai da layi, kuma kowane layi aka ja sai ya raba wasu 'yan'uwa. Abin da ya dame ni ya fi wannan kusa da gida. Ƙidayar 2012 ta nuna muna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato muna ninkawa cikin shekara 18 ko kusa da haka, kuma rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Da waɗannan alƙaluma ake hasashen yaran da za su shiga aji ɗaya, da su ake lissafin azuzuwa da malamai da allurar rigakafi. Na taɓa karɓar aji ɗaya da aka shirya wa yara hamsin, ranar buɗe makaranta na ƙirga tamanin da bakwai, rabinsu a ƙasa cikin rumfar kara. Wasu daga cikinsu ba a taɓa rubuta su a ko'ina ba. Sai sun kai aji shida, jarrabawa ta matso, a shiga neman takardar kotu da za ta maye gurbin takardar haihuwa, a ƙirƙira musu shekara, a rubuta "né vers" kamar yadda aka yi wa iyayensu. Yaron da aka ɓoye a rumbu a zamanin kumandan ya tsira daga aikin tilas. Wanda aka ɓoye yau benci ya rasa.

Akwai kuma lokacin da ake ƙidayar. Disamba a Adar wata ne da an gama girbi, samari sun kama hanyar Abidjan, Legas, Kamaru ko Libiya, makiyaya kuma suna tafe da dabbobi. Takardar ƙidaya tana da gurbin ɗan gida da ba ya nan, amma sai an faɗe shi za a rubuta shi, kuma sai mai tambaya ya san yadda zai yi tambayar. Matar da kunya ta hana ta ambaton sunan ɗanta na fari ba za ta faɗe shi ga baƙon saurayi mai jaka ba, sai in ya zagayo ta wata hanya. Sau da yawa malaman makaranta ake ɗauka wannan aiki, don haka mu ne za mu iya gyara shi ko mu ɓata shi. Idan masu ƙidaya suka sake zuwa, ina roƙon iyaye su lissafa kowa, da jaririn da aka haifa jiya, da ɗan da ke Abidjan tun bayan kaka, da almajirin da ke kwana a zaure.

A aji kuwa na canja yadda nake koyar da darasin. Nakan zana taswira uku a allo. Ta farko ta sarauta, da Adar da Gobir Tudu da mazaunin Kel Gress, ba tare da layi ba, sai sunaye. Ta biyu ta ruwa, daga tudun Keita da Buza zuwa Tarka da Majiya har Kalmalo, in sa yara su nuna kasuwar da iyayensu ke ci da inda albasarsu ke zuwa. Ta uku ita ce ta littafi, kuma a ƙarƙashin kowane layi nakan rubuta shekararsa: 1906, 1964, 2002, 2011. Nakan gaya musu cewa ranar jarrabawa ta ukun ake tambaya, su rubuta Tawa.

Makin nan biyu na mayar wa yarinyar a makon da kakanta ya zo, bayan na gyara tambayar a littafina ta koma "a wace jiha ta mulki". Da na aika masa da saƙon, sai ya aiko mini da kwarya guda ta albasa, tare da tambayar ko na gano shekarar da aka rubuta littafin. Ya rasu kafin in gano.